Tsofo Gubba: Shari'ar Kisan Da Ta Sauya Dokar Arewa

Daga nan Barnawa nake magana, kuma yau kotu za mu shiga.

Masu kallon finafinan Amurka sun san juri, wato mutanen gari goma sha biyu da ake zaunarwa su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Kafin su yanke, alƙali ne ke yi musu bayanin doka, in ya karkace a bayanin kuma ana iya rushe hukuncin. Haka aka yi a Ingila a 1935, a shari'ar Woolmington, wanda aka yanke wa kisa kan harbe matarsa. Alƙali ya ce wa juri shi ne zai tabbatar cewa tsautsayi ne. Kotun ƙoli ta ce a'a, mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifi. Aka sake shi.

To mu nan ba mu da juri, alƙali ne ke auna shaida da doka. Amma shi ma akan ƙalubalance shi.

A 1947, wani mai suna Tsofo Gubba ya ɗaukaka ƙara. Ya kashe kwarton matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa bisa mazhabar Malikiyya, inda fushi ba ya kore ganganci. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin. Hujjarta: a kundin laifuffukan Turawa, wanda aka tunzura ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi.

Nan fa ƙura ta tashi. Sarakuna da alƙalai suka ga an taɓa Shari'a. Ga laifi ɗaya, amma rayuwa ko mutuwa ta dogara da kotun da aka kai ka. Aka yi ta ja-in-ja har 1958, lokacin da gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu Penal Code, wadda majalisar Arewa ta zartar a 1959 a nan Kaduna, ta fara aiki a 1960. Sashe na 222 ya ce kisan da aka yi bisa tunzurawa mai tsanani, ta ba-zata, ba hukuncin kisa ba ne.

Ku lura fa, ba wanda ya ce kisa halas ne. Rai aka rasa, kuma akwai iyalin mamaci. Maganar ita ce, kafin a ɗauki rai na biyu, a tabbata an bi doka daidai.

Don haka in kuna da ɗan'uwa a gidan yari da aka yanke wa hukunci, kada ku ce shi ke nan. Akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kaduna, wa'adin shigar da ƙara kwana 90 ne. In babu kuɗin lauya, a tuntuɓi Legal Aid Council.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku bar mana ra'ayinku a ƙasa.