Ƴan Bindigar Sarki da Gasar Harbi ta Zamani a Idon Mutumin Matameye

Duk wanda ya kunna rediyo a Matameye ya ji an ce "ƴan bindiga", ba ya jiran ƙarshen labari kafin gabansa ya faɗi. Kalmar ta zama sunan masu tare hanya, masu kore shanu da masu sace mutane don karɓar fansa. Amma dattawan ƙasar Kance sun san lokacin da ɗan bindiga yake bawan sarki ne mai shugaba, mai sutura, mai ranar fita, wanda ba ya taɓa kunamar bindigarsa sai an ba shi izini. A wasu ƙasashe kuma akwai masu riƙe bindiga don gasa kawai, gaban alƙali da agogo. Tarihin waɗannan mutane biyu, na fada da na filin gasa, yana koyar da abu guda: abin da ke raba gwanin harbi da ɗan ta'adda shi ne ƙa'idar da ke bisa kansa da hukumar da yake amsa wa.

Yadda bindiga ta shigo

Matameye tana kan hanyar da ta taso daga Zinder ta bi ta Takeita, ta ratsa iyaka a Ɗan Barto, ta shiga Daura har Kano. Ƙasar Kance, wadda garin yake cikinta, ta shiga ƙarƙashin Damagaram a ƙarni na 19, don haka tarihin bindiga a nan reshe ne na tarihin Damagaram.

Bindiga ta riga Damagaram zuwa wannan sashe na Afirka. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno ya samu Turkawa masu koya wa dakarunsa harbi. A Kano ma, tarihin sarakunan birnin ya nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye ƴan bindiga cikin masu tsaronsa. Duk da haka doki, mashi, takobi da kwari da baka su ne suka ci gaba da yanke hukunci a fagen fama. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta. Sai an zuba albarushi, an cusa tsumma, an saka dalma ko guntun ƙarfe, an danna da sanda, kafin ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Kafin mai ita ya sake ɗuri, maharbi ya saki kibiya da dama, kuma idan damina ta jiƙa albarushi bindiga ta koma kulki.

Wanda ya sauya wannan lissafi shi ne Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya riƙe sarauta tun farkon shekarun 1850 har zuwa 1884. Shi ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ya kuma mai da garin babban zango na ayarin da ke fitowa daga Tarabulus ta Ghat da Agadas. Fatake suna sauke bindigogi da farar wuta, suna ɗaukar fatu, gashin jimina da bayi. Tanimu bai tsaya ga saye ba. Ya sa aka riƙa haɗa albarushi a gida, maƙeran birnin kuma suka zuba igwa ta tagulla. Masu tarihi suna ƙiyasta cewa ya tara bindigogi kusan 6,000 da igwa wajen 40, abin da ya sa har Shehun Barno, wanda Damagaram ke kai wa gaisuwa, ya fara yi masa kallon hadarin kaji.

Abin lura shi ne hannun da aka danƙa wa makamin. Ƴaƴan sarauta da hakimai sun fi son doki, suna ganin harbi daga nesa ba aikin jarumi ba ne. Saboda haka bayin sarki aka ba bindiga, ƙarƙashin shugabanni da fada ta naɗa. Wannan ya yi wa sarki daɗi, domin bawa ba ya neman gadon sarauta. Albarushi yana taskar fada, ana auna shi ana rabawa, bindiga kuma dukiyar sarki ce. Ke nan tun farkon bunƙasarta a Damagaram, bindiga ta taso ne da linzami a bakinta.

Tirmini da abin da ya biyo baya

Ƙarfin ya kai ƙololuwa a zamanin Ahmadu Kuran Daga, wanda a 1898 ya kai yaƙi cikin ƙasar Kano har Gezawa, lokacin Sarki Alu. A watan Mayu na wannan shekara aka kashe hafsan Faransa Kazamaju a Zinder. A ƙarshen Yuli 1899 rundunar Faransa ta gamu da dakarun Damagaram a Tirmini, yamma da birnin. Turawa da sojojinsu ba su kai Damagarawa yawa ba, amma bindigoginsu ta gindi ake saka musu harsashi, suna cin nisa, kuma an hore su su yi harbi tare bisa umurni ɗaya. Aka ci Damagaram, Kuran Daga ya fita daga birni, aka kashe shi ba da jimawa ba.

Wannan rata ba ta faɗo daga sama ba. Tun 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a Burusal kan yarjejeniyar da ta taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, aka bar wa baƙar fata tsofaffin na ƙanƙara. Da mulkin mallaka ya zauna, riƙe bindiga ya koma sai da takardar komandan. Bindigar gargajiya ta tsira a wuri biyu: hannun mafarauta, da kuma ƙofar fada ranar salla. A nan ne ta zama abin kallo. Ƴan bindiga suna fita gaban sarki ranar hawa, su ɗura albarushi zalla ba dalma, su ɗaga baki sama su saki. Jama'a suna auna gwani da ƙarar bindigarsa, da saurin sake ɗurinsa, da yadda yake tsayawa daram ba ya ƙifta ido. Gasa ce, ko da yake babu mai rubuta maki. Tana kuma da dokokinta na baka: yaro yana shekaru yana ɗaukar wa ubangidansa zabirar albarushi kafin a bar shi ya harba, ba a juya bakin bindiga wajen taro, kuma wanda ya yi ganganci shugabansa ne zai fara hukunta shi kafin maganar ta kai fada.

Gasar da aka rubuta wa doka

A Amurka al'amarin ya bi wata hanya. Cikin shekarun 1950, a jihar Kalifoniya, wasu tsofaffin sojoji da ƴan sanda suka fara gasar zaro ƙaramar bindiga daga kube a harba cikin sauri. Jagoransu shi ne Jeff Cooper, tsohon hafsan soja. An yi gasar duniya ta farko a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1975, sannan a watan Mayu 1976 wakilan ƙasashe suka taru a garin Kolambiya na jihar Misuri suka kafa ƙungiyar IPSC, Cooper ya zama shugabanta na farko. Takenta kalmomi uku ne na Latin da ke nufin saiti, ƙarfi da sauri. A Afirka wasan ya fi kafuwa a kudancin nahiyar: an yi gasar duniya a Salisbari, wato Harare ta yau, a 1977, aka kuma yi a Afirka ta Kudu a 1979 da 2002.

Bambancinsa da harbin da aka saba gani a wasannin Olamfik shi ne ɗan wasa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ana shirya fili da shingaye, ƙofofi da tagogi, a kakkafa abin bara na kwali da faranta na ƙarfe, wasu a tsaye wasu suna lilo. Kowane zagaye da irin shirinsa. Ɗan wasa yana zagaya filin tukuna ya tsara ta inda zai fara, inda zai ruga da inda zai sauya gidan harsashi. Alƙali yana biye da shi da wata na'ura mai jin ƙarar harbi, wadda ke riƙe lokaci daga ƙarar farawa zuwa harsashin ƙarshe.

Lissafin maki abu ne da malamin lissafi zai so. Tsakiyar kwali maki 5 ne, gefe kuma yana raguwa, gwargwadon ƙarfin harsashin da mutum ya zaɓa, domin mai harsashi mai nauyi, wanda bindigarsa ta fi shura, ana ƙara masa maki a gefe. Wanda ya kuskure abin bara, ko ya sami kwalin da aka hana harbi, ana cire masa maki 10. Daga nan sai a raba makin da yawan sakan. A ɗauki zagaye mai harbi 12, wato maki 60. Wani ya natsu ya cinye 60 cikin sakan 15, ya tashi da 4. Wani ya yi sauri ya sami 50 cikin sakan 10, ya tashi da 5, ya yi nasara. Amma da ɗaya daga cikin harsasan da ya saka a tsakiya ya wuce ta gefen kwali, da ya rasa 5 an kuma cire masa 10, ya koma 35, wato 3.5, mai natsuwa ya wuce shi. Sauri ya haifi nawa, nawa kuma ba ta cin gasa.

Dokokin kiyaye rai sun fi na maki tsanani. Ba a ɗura bindiga sai alƙali ya ba da umurni. Bakinta ba ya juyowa wajen ƴan kallo ko da mutum yana gudu da baya. Yatsa yana fita daga kan kunama duk lokacin da ake tafiya ba a bara, ko ake sauya gidan harsashi. Bayan an gama sai ɗan wasa ya cire harsashi, ya nuna wa alƙali cikin bindiga fayau, ya mai da ita kube kafin kowa ya shiga fili. Wanda ya karya ɗaya daga cikin waɗannan, ko zakaran duniya ne, an kore shi daga gasar gaba ɗaya. Shiga ma ba kai tsaye ba ne: mutum yana zama ɗan kulob, ya samu horo, ƙungiyar ƙasarsa ta shaide shi, ya kuma cika dokar ƙasarsa ta mallakar makami. Ƴan kulob su ne ke kafa filin, su liƙe ramukan kwali, su tashi farantan da suka faɗi. Mai kula zai ga tsarin fada a nan cikin wata riga: shugaba, almajiranci, izini kafin harbi, da hukunci nan take.

Lokacin da linzami ya tsinke

Nijar ta san abin da ke faruwa idan bindiga ta kuɓuce wa irin wannan tsari. A lokacin tawayen arewa, gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ba na doka ba a 1994, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone tarin bindigogi a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Sai ga rushewar gwamnatin Libiya a 2011 ta buɗe rumbunan makamai, suka gangaro kudu ta kusan hanyar da ayarin Tarabulus ke bi zuwa wurin Tanimu. Wannan karon babu taskar fada da ke jiran su, babu mai auna albarushi. Cikin shekarun da suka biyo baya ta'asar ƴan fashin daji ta mamaye Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato, a 2019 dubban mutane suka tsallako jihar Maraɗi neman mafaka. A wannan zamani ne sunan bayin sarki ya koma kan ɓarayi.

Abin da ke hannun malamai da ƙungiyoyi

Ba wanda zai ce a buɗe filin harbi da ƙaramar bindiga a Matameye. Doka ba ta sauƙaƙa hakan ba, tsadar harsashi ma ta isa hani, halin tsaro kuma ya fi kowa magana. Amma Nijar tana da misalin yadda ake ɗaukar wasan gargajiya a ba shi doka ba tare da an kashe shi ba. A 1975, shekarar da aka yi gasar Zurik, aka buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa. Kokawar da ake yi a dandali bayan girbi ta samu alƙalai, lokaci da takobi, ga shi yau kowace jiha tana alfahari da ƴan kokawarta, makaɗa da kirari kuma suna nan.

Harbin salla da sanin mafarauta ba su sami wannan gata ba. Masu iya gyaran bindigar ƙanƙara suna ƙarewa, sunayen sassanta da kirarin masu ita suna tafiya tare da su. Ƙungiyoyin al'adu na gundumar Kance za su iya zama da shugabannin ƴan bindiga da na mafarauta su ɗauki muryoyinsu, su rubuta dokokin da suke bi, su nemi a ajiye tsofaffin bindigogi da zabirori inda ɗalibai za su gan su. Malamin tarihi yana da Tanimu da Tirmini, malamin lissafi yana da rabon maki da sakan, malamin Hausa kuma yana da kalma guda da ma'anarta ta juye. Yaron da aka haifa bayan 2011 bai taɓa jin an ambaci ɗan bindiga da alheri ba. Idan ba a faɗa masa a aji ba, zai girma yana zaton mai bindiga a ƙasar Hausa bai taɓa samun wanda yake jin tsoro ba, alhali kakanninsa sun ga lokacin da ba ya harbi sai ya dubi fuskar shugabansa.