Yadda Kwangilar Dala Miliyan 280 Ta Ƙullu, Ta Kuma Warware a Jami'ar UCLA

A watan Yuni na 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu da filayen wasa a ƙasar Amurka, kamfanin Under Armour mai ɗinka tufafin wasanni ya aika wa Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA, takardar cewa ya janye daga yarjejeniyar da suka ƙulla ta shekara 15 a kan dala miliyan 280, alhali kuwa shekara 3 kacal aka ci daga cikinta. Wanda bai san al'adar mutanen can ba zai yi mamakin abin da ya haɗa gidan ilmi da mai sayar da takalma har dukiya mai yawa haka ta shiga tsakaninsu, saboda haka ya kamata a koma baya a ga mafarin al'amarin.

Tun fil azal wasannin jami'o'in Amurka ba su rabu da 'yan tijara ba. Gasa ta farko da aka yi tsakanin jami'o'i biyu, wato tseren kwale-kwale na Harvard da Yale a 1852, wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyinta, don mutane su hau jirginsa su je tafkin da za a yi ta. Da aka kafa hukumar da ke lura da waɗannan wasanni a 1906, wadda daga baya aka sa wa suna NCAA, sai ta aza harsashinta a kan ƙa'ida guda, cewa ɗalibi yana wasa ne don sha'awa da tarbiyyar jiki, don haka haramun ne a gare shi ya karɓi lada. Ita dai jami'a ba a haramta mata kuɗin ƙofa ba, haka shi ma mai horar da 'yan wasa ba a hana shi albashi ba, kuma ta wannan kafa ce duk abin da ya biyo baya ya shigo.

Wanda ya fara gane faɗin kafar nan shi ne wani mutumin Pennsylvania mai suna Sonny Vaccaro. A ƙarshen shekarun 1970 ya shawarci kamfanin Nike, wanda a lokacin masu tsere ne galibin masu sayen takalmansa, da cewa tun da shari'ar hukuma ta hana a biya ɗalibi, to a biya kocinsa, a kuma ba ƙungiyar takalma kyauta, domin yaron da ke neman a sa shi a fili ba zai ƙi abin da maigidansa ya ce ya sa a ƙafa ba. Haka kuwa aka yi. Vaccaro ya yi ta zagaya manyan masu horar da ƙwallon kwando yana rubuta musu cakin dubban daloli, kafin a farga tambarin Nike ya cika talabijin. A 1987 aka ƙara mataki, inda Jami'ar Miami ta ba Nike dukkan ƙungiyoyinta a dunƙule, ciniki ya tashi daga hannun koci ya koma ofishin jami'a. Shekara 3 kafin haka Kotun Ƙoli ta riga ta ƙwace wa NCAA ikon da take da shi ita kaɗai a kan nuna wasanni a talabijin, wasanni suka yawaita a akwatunan gidaje, ƙirjin kowane ɗan wasa ya zama allon talla mai tsada.

UCLA kuwa ba ƙaramar ganima ba ce a wannan kasuwa. A nan ne John Wooden ya ci kofin ƙasa na ƙwallon kwando sau 10 tsakanin 1964 da 1975, a nan Lew Alcindor ya yi wasa, wanda ya musulunta duniya ta san shi da Kareem Abdul-Jabbar, a nan kuma Jackie Robinson da Arthur Ashe suka yi karatu, ga ta kuma zaune a birni na biyu a girma a ƙasar. Tun 1999 tana tare da Adidas, kuma da wa'adin ya kusa cika sai ta tarar da kasuwa tana zazzaɓi.

Musabbabin zazzaɓin shi ne Under Armour. Kevin Plank, wanda ya buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka a Jami'ar Maryland, shi ya kafa shi a 1996 a ɗakin ƙarƙashin gidan kakarsa a birnin Washington, da riga guda mai tsotse gumi ba ta yi nauyi a jiki ba. Cikin shekara 20 kamfanin ya ƙasaita har cinikinsa ya yi ta ƙaruwa da fiye da kashi 20 cikin 100 a kowane wata uku, sau 26 a jere, masu hannun jari suka ɗauke shi tamkar wanda zai tumɓuke Nike daga karaga. Sai dai kamfanin da darajarsa ta rataya a kan alkawarin girma dole ne ya riƙa nuna alamar girma ko da tsada, don haka a 2014 ya ɗauke Jami'ar Notre Dame daga hannun Adidas. Nike bai zauna ba: a 2015 ya kama Jami'ar Michigan a kan kimanin dala miliyan 170, ya sabunta da Texas a kan 250, a farkon 2016 kuma da Ohio State a kan 252. A watan Mayu na 2016 Under Armour ya ɗora a kan wannan duka, ya ba UCLA 280, wadda babu kamarta a tarihin wasannin jami'o'i zuwa ranar, da dala miliyan 15 a hannu tun kafin a fara, da kusan miliyan 11 tsaba kowace shekara, ban da kaya.

A nawa ganin, kuskuren hukumomin jami'ar shi ne da suka ɗauki wannan adadi a matsayin ƙimar sunansu, alhali ƙimar gasar da ke tsakanin attajirai ce a shekara guda mai zafi. Alamu ma sun riga sun bayyana, domin wata biyu kafin a sa hannu Sports Authority, ɗaya daga manyan kantunan da ke sayar da kayan Under Armour, ya karye. A ƙarshen Janairun 2017, tun kafin ɗaliban UCLA su sa rigar farko a watan Yuli, kamfanin ya bayyana cewa girman nan ya tsaya, darajar hannun jarinsa ta zube da kusan rubu'i a yini ɗaya. Daga baya hukumar kasuwar hannun jari ta tuhume shi da janyo odar watannin gaba zuwa lissafin yau ba tare da ya sanar da masu jari ba, ya biya tarar dala miliyan 9 a 2021. Plank ya sauka daga shugabanci a farkon 2020, kuma hannun jarin da ya haura dala 50 a 2015 ya faɗo ƙasa da dala 10 a farkon annobar.

A wannan hali ne takardar janyewa ta iso. Babbar hujjar kamfanin ita ce sharaɗin da ake sawa a irin waɗannan yarjejeniyoyi game da musibar da ta fi ƙarfin ɗan Adam: tun da an dakatar da wasanni a watan Maris, ba ya samun tallan da yake biya dominsa. Ya ƙara da cewa ƙungiyar besbol ba ta buga rabin wasanninta ba, ya kuma ambaci abin kunyar cin hanci wajen ɗaukar ɗalibai na 2019, wanda ya shafi wani kocin ƙwallon ƙafa na jami'ar. Jami'ar ta mayar da martani a watan Agusta da ƙara tana neman fiye da dala miliyan 200, tana da'awar cewa annoba uzuri ce kawai, ainihin dalili shi ne kamfanin ya ga ya sayi abu da tsada yana neman hanyar kuɓuta. Annobar kuwa ta sami kowace jami'a, amma kamfanin bai saki Notre Dame ba, ya saki UCLA da 'yar'uwarta ta Berkeley, wadda tata yarjejeniyar ta kai dala miliyan 86. Masu karatun fiƙihu za su tuna da babin ja'iha, inda malaman Malikiyya suka ce idan fara ta halaka sulusin 'ya'yan itacen da aka saya a bisa, ana rage wa mai saye kuɗi gwargwadon ɓarnar, ba a rushe cinikin ɗungurungum. Da a ce rangwamen shekara ɗaya kamfanin ya nema, da maganarsa ta fi kama hankali, amma shekara 12 ya so ya yafe wa kansa saboda ɓarnar 'yan watanni.

A kakar 2020 'yan wasan UCLA suka fita da rigunan Under Armour, domin babu wasu, amma an liƙa ƙyalle a kan tambarin, abin da kamfanin ya mayar hujja ya shigar da tasa ƙarar. A watan Disamba jami'ar ta koma ga Nike da reshensa na Jordan a kan dala miliyan 46.45 cikin shekara 6, galibinsu kaya ne, tsabar kuɗin ƙalilan ce, wato bai kai rabin abin da take samu a shekara a da ba. Wannan, a zatona, shi ne farashin gaskiya. Shari'ar ba ta kai ga hukunci ba, aka yi sulhu a 2022, Under Armour ya biya dala miliyan 67.49.

Akwai wani ɓangare da bai kamata a tsallake ba, shi ne na waɗanda suke sa rigunan. A 2009 Ed O'Bannon, tauraron UCLA da ya ci kofi a 1995, ya kai NCAA kotu bayan ya ga surarsa a wasan bidiyo ana sayarwa ba tare da izninsa ko sisin kwabo ba, kuma wanda ya zuga shi ya yi ƙarar shi ne Vaccaro ɗin nan da ya buɗe ƙofar tun farko, ya tsufa ya juya wa tsarin baya. Wannan shari'a da waɗanda suka biyo ta suka raunana tsohuwar ƙa'ida, har aka halatta wa ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa daga 1 ga Yulin 2021, ranar da yarjejeniyar Nike da UCLA ta fara aiki. Daga nan kamfani yana iya zuwa kai tsaye ga yaron da jama'a ke kallo, bukatarsa ga ofishin jami'a ta ragu.

Sashen wasannin UCLA ya fito daga waɗannan shekaru da giɓin da ya haura dala miliyan 100 cikin shekara 3, wanda annoba da filayen da babu 'yan kallo da rashin kuɗin Under Armour suka taru suka haifar. A ranar 30 ga Yunin 2022 UCLA da maƙwabciyarta Jami'ar USC suka ba da sanarwar ficewa daga rukunin Pac-12 na jami'o'in yammacin ƙasar, wanda UCLA take cikinsa tun 1928, zuwa rukunin Big Ten mai kuɗin talabijin da ya fi yawa nesa ba kusa ba. Sun shiga a 2024, shekarar da Plank ya koma kujerarsa, kuma tun daga lokacin ɗaliban Los Angeles sukan keta ƙasar a jirgin sama su buga wasa a New Jersey ko a Maryland, jihar da hedkwatar Under Armour take.