Daga Mari Zuwa Mari

A ajin nazarin sauti, malaminmu ya taɓa rubuta kalma ɗaya a allo, "mari", ya ce mu karanta. Rabin aji suka ja wasalin farko, wato marin tafin hannu. Sauran suka gajarta shi, wato marin ƙarfe da ake sa wa ƙafa. Duka daidai ne, rubutun boko ne bai bambanta su ba. Aka yi ta dariya. Ni kuwa sai na tuna wani yaron unguwarmu a Bangi wanda ya san duka biyun.

Ba zan faɗi sunansa ba. An saki uwarsa tun bai yi wayo ba, ya tashi a gidan da duka ya fi tuwo yawa. Da ya ɗan tasa sai ya gudu, yau yana tasha, gobe ya tsallaka iyaka. Ƙarshe aka kama shi kan sata, aka kai shi kaso yana jiran shari'a. Can ya nemi ya kashe kansa, Allah ya sa abokan ɗaki suka farga. Da labari ya iso gida, abin da na ji ana faɗi shi ne: "Ai wannan tun shina ƙarami munka san ba ya jin magana." Ba wanda ya tambayi abin da aka yi masa yana ƙaramin.

Wannan ya sa na koma bin tarihin tsare mutane a ƙasar Hausa, ta hanyar da na iya, wato kalmomi. Dubi "gidan yari". Yari sarauta ce, shi ne mai kula da ɗaurarru a fadar sarki tun kafin zuwan Turawa. Da Ingilishi suka ci Arewacin Nijeriya sai suka bar gidajen yarin a hannun sarakuna ƙarƙashin En'e, har 1968 da gwamnatin tarayya ta karɓe su. Daga bakin Ingilishi kuma muka samo "fursuna".

Mu nan Nijar kalmarmu "kaso" ce, daga Faransanci "cachot", ɗan ɗakin duhu da ake jefa mutum. Ba banza ta zauna a bakinmu ba. A ƙarƙashin dokar andijena, kumandan yana iya kulle talaka har kwana 15 ba tare da alƙali ba, don ya makara da haraji ko ya ƙi aikin dole. Sai a 1946 aka soke ta, a shekarar da dokar Houphouët-Boigny ta hana aikin tilas. Ka ga ke nan kason da muka gada, na Madawa ne ko na Buza ko na Keita, asalinsa wurin ladabtar da jiki ne. Ba a gina shi don a tambayi mutum daga ina ciwonsa ya taso ba.

Akwai kuma "gidan mari", inda iyaye ke kai yaron da suka ce ya gagare su. A Satumban 2019 ƴan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, cikinsu har da yara, wasu da mari a ƙafa. Wata na gaba aka sake ganin irinsa a Daura. Abin tsoron shi ne, da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar gyara.

To, mi ya haɗa wannan da kisan kai? A 1998 wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi kan dubban manya a birnin San Diego. Sun tambaye su abin da suka gani suna yara: duka, zagi mai ƙasƙantarwa, lalata, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai ciwon ƙwaƙwalwa, ko a ɗaure wani na gida. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye, yiwuwar sun taɓa yunƙurin kashe kansu ta ninka ta wanda bai ga ko ɗaya ba kusan sau 12. Amurka ba Bangi ba ce, gaskiya. Amma tsoron yaro ba ya da ƙabila. Yaron da ya saba kwana cikin fargaba yakan girma da saurin firgita, da saurin fushi, da jin cewa shi ba kowa ba ne. Wani ya nemi sauƙi a tramol, wani a faɗa. Hanyar nan kuwa sau da yawa kaso take kaiwa.

In ya shiga, mi zai tarar? Ƙofa a kulle, tsawa, cunkoso, ba uwa ba aboki. Duk abin da ya gudu ya bari a gida, ga shi ya dawo. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2007, ta yi gargaɗi cewa masu jiran shari'a suna cikin babban haɗari, musamman a kwanakin farko na tsarewa.

A takarda dai an yi tafiya. Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara a 1990, ta kafa kotunan yara a 1999, akwai kuma cibiyar gyaran hali ta matasa a Dakwaro. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da Ƙa'idojin Nelson Mandela, inda ƙa'ida ta 30 ta ce likita ya duba duk wanda aka kawo, har da alamun zai iya cutar da kansa. Amma a Arewacin Nijeriya, sashe na 231 na kundin Penal Code ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da ya kai shekara ɗaya. Wato wanda baƙin ciki ya kusa kashewa, a ƙara masa kurkuku.

Na san wani zai ce kisan kai haramun ne, ɓarawo kuma ɓarawo ne. Ban musa ba. Wanda aka yi wa sata yana da haƙƙi, kuma ba duk wanda ya sha wuya yana yaro ke zama mai laifi ba. Amma in abu haramun ne, ashe tare mutum kafin ya faɗa cikinsa aiki ne a kanmu, ba zaginsa bayan ya faɗa ba.

Mu ɗalibai ba mu da makullin kaso, amma ba a ɗaure hannunmu yake ba. In kana da ɗan'uwa ko aboki a ciki, je ka gan shi, tun ba ma a makon farko ba. Kada ka tsaya kan tuwo da sabulu, tambaye shi ko yana barci. In ya ce ya gaji da duniya, kada ka ce wasa yake. Saurare shi, ka sanar da mai gadi da ma'aikacin lafiya a ranar. A gida kuma, in ka ji kukan ƙaninka ko ɗan maƙwabta ya wuce na horo, sa baki.

Yaron unguwarmu ya fito, yana nan da ransa. Da na je hutu muka zauna, ya ce mini tunda yake ba wanda ya taɓa tambayarsa labarin uwarsa sai ran nan. Muka kai har kiran sallar magariba yana ba ni.