Zuciyar Fir'auna da kalmominta uku

A Tsohon Alkawari kalmar Ibrananci da muke fassarawa da zuciya ita ce leb, wani lokaci lebab, kuma ta zo fiye da sau 800. 'Yar'uwarta a Larabci ita ce lubb, wato tsakiyar abu, wadda jam'inta albab ke nufin hankula. Dangantakar nan ta riga ta faɗi rabin zancen, domin a wurin Ba'ibrane da leb ake tunani, da ita ake ƙulla niyya, da ita ake yanke shawara. Shi ya sa a 1 Sarakuna 3, da Sulemanu ya roƙi basirar yin shari'a, zuciya mai sauraro ya nema.

To ina tausayi yake zama? A ciki. Ibrananci na kiransa rahamim, daga rehem, mahaifa, tushe ɗaya da rahama da muka aro daga Larabci. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda shi ma farin ciki da baƙin ciki a ciki ya ajiye su. Sai dai mu gardama a ka muka sa ta, muka ce taurin kai. Kuma idan aka ce yaro ya yi zuciya, fushi ake nufi.

Yahudawan Iskandariya da suka fara juya Attaura zuwa Helenanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu sun lura cewa da leb ake tunani. Yawanci kardiya, wato zuciya, suka rubuta, amma a wasu wurare suka zaɓi diyanoya, wato tunani.

Inda abin ya fi burge ni shi ne labarin Fir'auna a Littafin Fitowa, daga sura ta 4 zuwa ta 14. Da Hausa muna cewa zuciyarsa ta taurare, a wuce wurin. Ibrananci kuwa kalmomin aikatau uku ya yi amfani da su.

Akwai kasha, wadda ita ce taurin gaske, kuma ita ce mafi ƙarancin zuwa.

Akwai kabed, yin nauyi. Daga tushenta aka samo sunan hanta, kamar kabid a Larabci, haka ma kabod, ɗaukaka. Wasu masana na ganin shaguɓe ne ga Masarawa, waɗanda suka yi imani cewa bayan mutuwa ana auna zuciyar mamaci a sikeli da gashin tsuntsu, wadda ta yi nauyi kuma ta halaka.

Sai hazak, wadda ta fi kowacce yawa a labarin, ma'anarta kuma ƙarfafawa. Da ita aka umarci Joshuwa ya yi ƙarfin hali bayan rasuwar Musa. Kalmar da ta zama albarka ga jagoran Isra'ila ita ce ta zama hukunci ga sarkin Masar. Ni a fahimtata, wannan na nuna cewa ba a cusa wa Fir'auna wata baƙuwar niyya ba. Niyyar da ya riga ya ƙulla aka ƙara wa ƙarfi, yadda tsoro ba zai tanƙwara shi ba.

Tsarin labarin ma ya karkata can. Gaskiya ne tun a sura ta 4 Ubangiji ya sanar da Musa abin da zai yi wa zuciyar Fir'auna. Amma a annoba biyar na farko, ko dai a ce Fir'auna ne ya nauyaya zuciyarsa, ko a ce zuciyar ta yi ƙarfi ko nauyi ba tare da an ambaci wanda ya sa ba. Sai a ta shida, ta marurai, aka fito fili aka ce Ubangiji ne ya yi, kuma hazak aka yi amfani da ita. Bayan ta bakwai, da ƙanƙara ta tsaya, nassin ya sake mayar da aikin hannun Fir'auna da fadawansa, ya kira shi zunubi, kalmar kuma ta koma kabed.