Tarihin Jayayyar Imani da Kimiyya da Mulhidanci a Adar da Sauran Ƙasar Hausa

Mulhidanci, wato musanta samuwar Mahalicci gaba ɗaya, baƙon ra'ayi ne a ƙasar Hausa, shi ya sa jayayyar addini da kimiyya a nan ta bi wata hanya dabam da wadda ta bi a Turai, inda coci ta hukunta Galileo a 1633, littafin Darwin na 1859 kuma ya raba kan malaman Kirista. A yankin Adar da Majiya na jihar Tawa, wanda ya haɗa Madawa da Buza da Keita da gundumomin karkara irin su Allakaye, gardamar ta fi karkata ga amana, domin abin da jama'a suke tambaya shi ne wanda ya kawo ilimin, da manufarsa, da abin da zai yi wa tarbiyyar yaro.

Kalmomi

Azna, ko anna, su ne masu addinin gargajiya na Adar, kamar yadda ake kiran takwarorinsu na Kano da Katsina Maguzawa. Su ma sun yarda da Allah a matsayin Mahalicci, sai dai suna neman biyan buƙata wajen iskoki ta hanyar yanka da bori, saboda haka azne yana da abin bauta, saɓanin mulhidi. Kalmomin mulhidi da zindiƙi, wato mai ɓoye kafirci yana bayyana Musulunci, daga littattafan tauhidi na Larabci suka shigo, kuma sun daɗe a zaurukan karatu kafin a ga wanda ya amsa sunan a bainar jama'a.

Kafin zuwan Turawa

Malaman dauri ba su ware lissafi da falaki da magani daga addini ba, domin da hisabi ake raba gado, da shi ake gane lokutan salla, da manzilolin taurari kuma manomi yake sanin kusantowar damina. Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna da rubuce-rubuce kan hatimin lissafi, wato gidajen lambobi waɗanda jimillarsu take zama ɗaya ta kowace fuska. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, Shehun da aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya rubuta littattafai kan basur da ciwon ido. Iyakar da masu jihadin Shehu suka shata tana tsakanin ilimin da ake gwadawa a gani da duba, wato da'awar sanin gaibu, kuma tun kafin su Imam Gazali ya yi gargaɗin cewa mai ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi.

Boko da gurguzu

Saɓanin ya tsananta da mulkin mallaka, domin kimiyyar zamani ta iso tare da bindiga da haraji da aikin tilas. Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, yayin da lakwal, wato makarantar Faransanci, ta zo Nijar da tsarin raba addini da hukuma wanda Faransa ta kafa a 1905, don haka ba a koyar da addini a cikinta. Jama'a suka kira wannan karatu boko, kalmar da asalinta take nufin algus, sarakuna da dama kuma suka riƙa tura 'ya'yan barori suna ɓoye nasu.

Zargin rashin addini ya shiga siyasa a shekarun 1950 da 1960, lokacin da abokan hamayya suka laƙaba wa Sawaba ta Djibo Bakary gurguzu saboda alaƙarta da ƙasashen Gabas, alhali mafi yawan magoya bayanta Musulmi ne talakawan gari. Duk da haka, gyaran ya zo daga ɓangaren addini da na boko: an buɗe madarasa ta farko mai haɗa Larabci da Faransanci a Say a 1957, Abdou Moumouni Dioffo na Tasawa kuma, masanin makamashin rana da ya rasu a 1991, ya nuna cewa ɗan ƙasa zai iya mallakar kimiyya har a sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Fari da gyaran ƙasa

A Adar, fari ne ya zama babban ma'auni. Bayan yunwar 1973 da ta 1984 masu wa'azi sun danganta ƙarancin ruwa ga zunubin jama'a, masana kuma suka danganta shi ga sauyin yanayi da sare itatuwa da zaizayar ƙasa. Manomi bai ga dalilin zaɓen ɗaya ya bar ɗaya ba, domin wanda ya fita sallar roƙon ruwa shi ne kuma ya shuka dogon yaro jeri-jeri don kare iska a kwarin Majiya tun daga 1975. Aikin Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tsayu ne a kan gumin manoma, musamman na mata, waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suna jera shingayen tare ruwa har ƙasar da ta mutu ta sake fitar da hatsi. Karin maganar da ke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka ita ce ta sasanta tawakkali da dabara.

Rigakafi da zamanin intanet

A fagen lafiya amana ta karye, bayan gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano a 1996, inda yara 11 cikin 200 suka mutu. A 2003 Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa yana hana haihuwa, kuma cikin jagororin ƙin akwai likita, Dokta Datti Ahmed, abin da ke nuna cewa tsoron maƙarƙashiya ne ya fi ƙarfi. Cutar ta tsallaka iyaka zuwa Nijar da wasu ƙasashe, har Kano ta koma rigakafin a watan Yuli na 2004 da maganin da aka sayo daga Indunisiya, ƙasar Musulmi. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020.

Mulhidanci na fili ya bayyana ne da yaɗuwar intanet, kuma shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Mubarak Bala, injiniya ɗan Kano, wanda aka kama a 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, aka yanke masa shekara 24 a 2022, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ɗauke ta a matsayin tauye 'yancin tunani, yawancin jama'a kuma suka ɗauke ta a matsayin hukuncin ɓatanci. A karkarar Adar irin wannan ra'ayi bai yi saiwa ba, kuma tambayar da iyaye suke yi a ƙofar lakwal da ta asibiti har yanzu ita ce ko wanda ya kawo ilimin abin amincewa ne.