Sassaucin Gaɓar Kwatangwalo a 'Yan Wasa Mata

Sassaucin gaɓa yanayi ne da gaɓar jiki ke lanƙwasuwa fiye da ƙima, saboda jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi sun yi laushi. Ya fi yawa a mata da yara, kuma galibi gado ne. Likitoci na auna shi da ma'aunin Beighton na shekarar 1973, mai maki 9, wanda ke duba ƙananan yatsu, manyan yatsu, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa da gadon baya.

A kwatangwalo, kan ƙashin cinya yana zaune ne cikin kwarmin ƙashin ƙugu, guringuntsi ya zagaye bakin kwarmin. Idan ɗaurin ya saki, kan ƙashin kan zame gaba kaɗan, ya jawo ciwon matsematsi ko yagewar guringuntsin, musamman ga masu ƙwallon ƙafa, tsalle-tsalle da taikwando.

Sikanin, na'urar da ke ɗaukar hoto ta hanyar sauti, tana da fa'ida a nan: ana motsa ƙafar 'yar wasa, likita na kallon zamewar ƙashin kai tsaye, yana auna ta da milimita. Ba ta da tururin da hoton ƙashi ke da shi, kuma ta fi na'urar hoton MRI araha.

Ga masu neman ganin likita, a kudancin kogin Kaduna, asibitocin Gwamna Awan da St Gerard's suna Kakuri. Babban asibitin ƙashi na tarayya kuwa yana Dala, Kano. Maganin farko na wannan sassauci shi ne atisayen ƙarfafa tsokokin ɗuwawu da ciki.