Wa Ya Karya Cinikin Bayi, Masu Littafi ko Masu Falsafa?

A ranar 22 ga Mayun 1787 mutum 12 suka taru a wani shagon buga littattafai a Landan, suka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi. Tara daga cikinsu 'yan Kweka ne, wata ƙaramar ɗarikar Kirista da ba ta da limami, wadda kuma dokar lokacin ta toshe wa mabiyanta hanyar shiga majalisar dokoki. Shekara 20 bayan wannan zama, a 1807, majalisar Birtaniya ta haramta wa jiragen ƙasar ɗaukar bayi daga Afirka. Duk sa'ad da gardama ta tashi kan ko nassin addini ne ke ciyar da al'umma gaba ko kuwa tunanin da bai jingina da wahayi ba, wannan labari ne kowane ɓangare ke ja zuwa gidansa.

Masu kare addini suna da abin nunawa. William Wilberforce, wanda ya riƙa kai ƙudurin gaban majalisa ana kayar da shi yana dawowa, mutum ne da ya tuba ya rungumi ibada gadan-gadan. John Newton, tsohon kyaftin ɗin jirgin bayi da ya koma fasto, ya fito ya ba da shaidar abin da idonsa ya gani. Sai dai Baibul ɗin da suke karantawa ya yi ɗaruruwan shekaru a hannun Turawa ba tare da ya hana su komai ba. Masu gonakin rake suna buɗe shi su ma, su kawo labarin la'anar da Nuhu ya yi wa zuriyar Ham, da wasiƙun Bulus masu umartar bawa ya yi wa ubangidansa biyayya. Ƙungiyar yaɗa bishara ta cocin Ingila ta gaji gonakin Codrington a tsibirin Barbados a 1710, ta ci gaba da noma su da bayi, har aka riƙa yi musu lalas da ƙarfe mai zafi a ƙirji da sunan ƙungiyar.

Su kansu 'yan Kweka ba da tsarki suka fara ba. A 1688 wasu mutum huɗu a Germantown ta Pennsylvania suka rubuta takardar ƙorafi kan mallakar bayi, manyan ɗarikar suka ajiye ta a gefe. A 1738 wani wada mai suna Benjamin Lay ya shiga babban taronsu da littafin da ya ƙwaƙule cikinsa ya ɓoye mafitsarar dabba cike da jan ruwa, ya soke shi da takobi, ruwan ya fantsama a jikin attajirai masu bayi. Waje suka yi da shi. Sai a 1776 taron Philadelphia ya yanke cewa mai bawa ba zai zauna cikin ɗarikar ba.

Masu falsafa fa? Montesquieu ya yi wa hujjojin masu bayi ba'a a littafinsa na 1748. Adam Smith ya nuna a 1776 cewa aikin bawa, idan aka yi lissafi, ya fi na ɗan ƙwadago tsada. Amma laifi tudu ne. John Locke, wanda ya yi suna da rubutu kan 'yancin ɗan Adam, ya zuba jari a kamfanin sarauta mai safarar bayi daga Afirka. David Hume ya rubuta cewa yana zaton baƙar fata ƙasa yake da Bature a halitta. Thomas Jefferson, marubucin takardar shelar 'yancin Amurka, ya mallaki fiye da mutum 600 a tsawon rayuwarsa.

Faransa ce ta gwada hanyar falsafa zalla. Juyin juya halin 1789 ya shelanta haƙƙoƙin ɗan Adam, ya bar bayin Saint-Domingue, yankin mulkin mallakar Faransa, a gonakin rake. Bayin ne suka tashi a watan Agustan 1791, suka ƙone gonakin, kuma sai da wuta ta ci sosai majalisar Paris ta soke bauta a 1794. Napoleon ya dawo da ita a 1802. Saint-Domingue ta ƙi komawa, ta zama Haiti a 1804. Sauran tsibiran da Faransa ke mulka suka jira har 1848.

A ganina, wanda ya fi nuna yadda aikin ya gudana shi ne Thomas Clarkson. Ɗalibi ne a Cambridge da ke shirin zama malamin coci. Ya ci gasar rubutu a 1785 kan ko ya halatta a bautar da mutum ba da son ransa ba, abin da ya karanta kuma ya hana shi barci. Imani ne ya tashe shi, amma bai tsaya kan wa'azi ba. Ya hau doki ya bi tashoshin jiragen ruwa na Bristol da Liverpool, yana shiga gidajen giya yana tambayar matuƙa. Ya sayi mari da ankwa da ƙarfen buɗe bakin bawan da ya ƙi cin abinci, ya riƙa ajiye su a kan tebur a gaban jama'a. Ya binciki rajistar jirage ya nuna yawan matuƙan Ingila da ke mutuwa a wannan safara, hujjar da ta shiga kunnen waɗanda ran baƙar fata bai dame su ba. Zanen jirgin bayi mai suna Brookes, da mutane jere a cikinsa kafaɗa da kafaɗa, ya shiga gidajen da ba a taɓa buɗe littafin Montesquieu ba. Olaudah Equiano, tsohon bawa, ya buga tarihin rayuwarsa a 1789 ya zaga ƙasar yana sayarwa. Da majalisa ta kayar da ƙudurin Wilberforce a 1791 da ƙuri'a 163 kan 88, dubban iyalai suka daina sayen sukarin da bayi suka noma.

Haramta cinikin bai 'yanta kowa ba. Sai da Samuel Sharpe, bawa kuma dikon cocin Baptis, ya jagoranci boren Jamaika a ƙarshen 1831. An rataye shi a 1832, shekara ta zagayo majalisa ta soke bautar. Ta biya diyyar fam miliyan 20, amma iyayen gida aka ba, bayin kuma aka tilasta musu ci gaba da aiki har 1838. Eric Williams, wanda daga baya ya zama firaministan Trinidad, ya yi jayayya a 1944 cewa raguwar ribar rake ce ta buɗe ƙofar. Masana sun yi ta musanta shi, duk da haka ba wanda ke ba da labarin yanzu ya tsallake batun kuɗi.

A ƙasashen Musulmi ma cikin nassi aka yi gardamar. A 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa tambayar mutanen Tuwat, ya ce launin fata ba dalilin bauta ba ne, ya yi watsi da labarin la'anar Ham, ya lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Bai haramta bautar kanta ba, iyaka ya shata mata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya koka kan sayar da 'ya'ya Musulmi, amma daular da jihadinsa ya kafa ta cika da rinji da gandaye. Ahmad Bey na Tunis ya rufe kasuwar bayi a 1841, ya soke bauta a 1846, shekara biyu kafin Faransa. Jakadan Birtaniya na matsa masa, shi kuma da harshen fiƙihu ya rubuta dokar, manyan muftan Malikiyya da Hanafiyya suka amince.

A Arewacin Nijeriya, Lugard, jagoran mamayar Birtaniya, ya yi amfani da yaƙi da farautar bayi wajen kare mamayarsa, amma ya ji tsoron rushe sarakuna da noma. Dokarsa ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na 1901 ɗa ne, ta hana saye da sayarwa, ta bar manyan bayi a hannun iyayen gidansu. Da yawa daga waɗanda suka sami 'yanci ta hanyar murgu da fansa suka same shi, a gaban alƙali, da hukuncin littattafan Malikiyya. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya. A Nijar kuwa, dokar da ta mai da ita laifin da ake ɗaure mutum a kansa a 2003 ta fito, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12.